Juyi Biyu a Bakin Ƙofa

Ina cikin shekarata ta goma sha ɗaya da fara koyar da lissafi wata yarinya ’yar aji biyu na sakandare ta yi mini tambayar da ta hana ni sakat har mako bakwai. Ran nan muna kan lambobin da ke ƙasa da sifili, waɗanda a aji muke kira mainos. Na rubuta ƙa’idar a allo yadda nake rubuta ta kowace shekara: fulos sau fulos, fulos; fulos sau mainos, mainos; mainos sau mainos, fulos. Yara suka biya sau uku da ƙarfi, har da ɗan kari kamar waƙa. Ina karkaɗe alli daga hannuna sai na ga hannu a sama.

“Malam, me ya sa?”

Na ce, “Me ya sa me?”

“Me ya sa mainos sau mainos yake zama fulos? Ai duka biyun rashi ne. Ta ina samu ya shigo?”

Na buɗe baki, na tarar babu komai a ciki. Na ci wannan darasi a sakandare, na ci shi a jami’a, na koyar da shi ga ɗaruruwan yara, amma ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da yarinyar nan ta tambaya ba. Sai na yi abin da malami yake yi idan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Na ɗaure fuska, na ce ƙa’ida ce, haka masana suka tsara, ki riƙe ta da kyau don tana fitowa a jarrabawa. Ta ce, “To, Malam.” Irin to ɗin nan da yaro yake ce wa babba idan ya gane babban bai sani ba, tarbiyya ce kawai ta hana shi faɗa.

A lokacin akwai takardar ajiye aiki a durowar teburina a gida. Na rubuta ta, na sa hannu, ƙarshen zango kawai nake jira. An yi mini tayin aikin riƙe asusu a wani ofis, albashi ya fi, surutu bai kai ba. Koyarwa ta fita daga raina, kuma dalilin da nake ba kaina shi ne na gama da darasin, babu wani lungu a manhajar da ban san shi ciki da bai ba, maimaici kawai nake yi kamar faifan da ya maƙale. Tambayar yarinyar ta faɗo daidai kan wannan taƙama.

Da daren nan na sauko da littattafai daga kanta. Yawancinsu abin da na yi wa yarinyar suka yi mini: ga ƙa’ida a cikin akwati mai launi, ga aikin gwaji guda ashirin, sai shafi na gaba. Ɗaya ne ya ɗan yi ƙoƙari, ya jera lissafin kamar matakala. 3 × −5 = −15, sai 2 × −5 = −10, sai 1 × −5 = −5, sai 0 × −5 = 0. Kowane mataki ana ƙara biyar, saboda haka idan aka sake sauka, −1 × −5 zai zama 5, na gaba 10, na gaba 15. Na duba na ce lallai haka ne. Amma kunnena yana jin muryar yarinyar: Malam, wa ya ce dole matakalar ta ci gaba a haka bayan an wuce sifili?

Na sayi sabon kundi, na yanka wa kaina awa ɗaya kowane dare bayan yara sun kwanta. A mako na biyu na samu hujjar da babu ja a cikinta. Kowa ya yarda 3 + (−3) = 0. A ninka komai da −5. Ke nan 3 × −5, idan aka tara da −3 × −5, dole su ba da sifili, tunda sifili sau komai sifili ne. Na farkon −15 ne. Me za a tara da −15 a samu sifili? Sha biyar, babu wata lamba bayan ita. Ma’ana, matuƙar ana so sauran ƙa’idojin tarawa da ninkawa su tsaya da ƙafarsu, babu zaɓi. Na bi layukan nan ya fi sau talatin ina neman rami ban samu ba, duk da haka raina bai kwanta ba. Ji na yi kamar an ɗaure mini ido da ƙyalle, an kama hannuna an kai ni wani gida. Na iso, ban musa ba. A ce kuwa in koma in rako wani, sai dai mu ɓace tare.

Na leƙa tarihi ko zan samu wanda ya riga ni faɗawa ramin, ashe ramin a cike yake da mutane. Brahmagupta, masanin taurari da lissafi na Indiya, ya jera waɗannan ƙa’idoji tun a shekarar 628 miladiyya, kuma da sunan dukiya da bashi ya kira lambobin: bashi sau dukiya bashi ne, bashi sau bashi dukiya ne. Ya yanke hukunci ya wuce, bai tsaya bayani ba. Fiye da shekara dubu bayansa, a 1758, wani masani a Ingila mai suna Francis Maseres ya wallafa littafi yana ƙorafin cewa lambobin mainos duhu kawai suke ƙara wa aljabara. Marubucin Faransa Stendhal ma ya ba da labarin yarintarsa, yadda ya yi ta tambayar malamansa wannan tambaya babu wanda ya gamsar da shi. Idan mainos bashi ne, in ji shi, ta yaya za a ninka bashi da bashi mutum ya wayi gari da arzikin miliyoyi? Na ji sanyi a raina da na ga ba ni kaɗai ba ne, sai dai sanyin bai amsa komai ba.

A mako na uku abin ya zo, ko in ce na zaci ya zo. Ina kwance, barci ya fara ɗauka ta, sai wata jimla ta faɗo mini: ban ƙi ba. Idan mutum ya ce ban ƙi ba, ai ya yarda ke nan. Ƙi ɗaya, korewa ɗaya, sun haɗu sun haifi amincewa. Na zabura na zauna, ƙirjina yana bugawa. Wallahi a daren nan da za a ce in rantse na gano bakin zaren da na rantse. Washegari na shiga aji da ƙwarin gwiwa, na rubuta BAN ƘI BA da manyan baƙaƙe, na yi bayani, yara suka yi dariya, da yawa suka gyaɗa kai. Ita kuwa ta ɗan yi shiru tana kallon allon, sannan hannun ya sake tashi.

“Malam, to −3 a tara da −5 fa? Su ma mainos biyu ne. Me ya sa su suka ba da −8, ba su zama fulos ba?”

Minti ɗaya bai cika ba ta rushe ginin. Abin da na kawo dabarar tunawa ce, mai sa ƙa’ida ta zauna a ka, amma bai san bambancin tarawa da ninkawa ba, kuma a nan ne tambayar take. Daga baya na karanta cewa babban masanin lissafin Faransa, Henri Poincaré, ya yi gargaɗi kan wannan tun a wata lacca da ya gabatar a Faris a 1908. Ya ce yaƙinin da ke zuwa tare da ilhama yakan yaudari mutum, kuma ya fi lura da haka a tunanin da ke zuwa masa yana kwance tsakanin barci da farke. Da na san wannan da wuri, da na kwana biyu ina gwada abin a kundi kafin in kai shi gaban yara arba’in. Daɗin ganowa na gaskiya da na ƙarya ɗanɗanonsu ɗaya ne, ni shaida ne.

Bayan wannan kunya na ƙara wa kaina wuta. Awa ɗaya ta koma uku. Na cika shafuka da misalan bashi, da zafi da sanyi, da hawa da sauka, kowanne sai ya tafi daidai har ya iso inda ake ninka mainos da mainos, sai ya turje. Na fara jin haushin kowa a gida. Wani dare maiɗakina ta fito ta tarar da ni na dafe kai, fitila tana ci, ta tsaya a kaina ta ce, “Malam, zafin nema fa ba ya kawo samu. Kai da ka ce barin aikin za ka yi, mene ne na kashe kanka a kan tambayar ’yar mutane?” Ban da amsa. Na rufe kundin, na jefa shi cikin durowa a kan takardar ajiye aikin, na ce shi ke nan, wanda zai gaje ni ya ji da ita. Gwajin tsakiyar zango ya zo, na nutse cikin duba takardu. Kwana goma ban buɗe durowar ba, kuma iya sanina ban yi tunanin abin ba.

Ranar da ya zo ina sauri ne, na makara. Na fita na ja ƙofa, na yi taku kamar goma, sai na tuna makullin kabad ɗin aji. Na juya zan koma. Kafin in kai ƙofar hannuna ya taɓa aljihu, na ji makullin yana ciki. Na sake juyawa.

A nan na tsaya cak.

Na juya sau biyu, ga ni ina fuskantar inda na nufa tun farko. Babu kalma ko ɗaya a cikin abin da ya sauko mini, kafin in sa shi a magana na riga na san shi gaba ɗayansa, kamar ɗaki mai duhu da ka daɗe kana lalube a cikinsa aka kunna fitila, ka ga ashe kujerar da ke ta buge maka ƙafa ga ta nan, ga taga, ga ƙofa. Lambobi a layi suke, sifili a tsakiya, fulos a gaba, mainos a baya. Alamar mainos umarni ce: juya. Duk makonnin nan ina kallonta a matsayin rashi, ina neman yadda rashi biyu za su haifi samu, alhali juyi biyu ne suke mai da mutum inda ya fuskanta. Kuma tambayarta ta biyu, wadda ta kayar da ni, ta zo da amsarta a hannu. A tarawa tafiya biyu ake yi, kowacce ana fara ta ana kallon gaba, kowacce da juyinta guda: juya ka yi taku uku, sannan a tafiya ta biyu juya ka yi taku biyar, ka tsinci kanka taku takwas a baya. A ninkawa tafiya ɗaya ce tak, umarnin juyi biyu ake ba ka kafin ka ɗaga ƙafa, sannan ka yi taku biyar-biyar sau uku.

Tsigar jikina ta tashi. Na yi dariya ni kaɗai a kan hanya, har wani mai wucewa ya waiwayo. Babu takarda a kusa, sai na ciro biro na rubuta a tafin hannuna: juyi, tafiya ɗaya, tafiya biyu. Tsoro nake kada ya gudu. Na san labarin Otto Loewi, masanin magunguna a birnin Graz na Ostiriya, wanda ya farka cikin dare da dabarar wani gwaji, ya rubuta a ’yar takarda ya koma barci, da safe ya kasa karanta rubutun kansa. Ya yini cikin baƙin ciki. Allah ya taimake shi abin ya dawo a dare na biyu, wannan karon bai yarda da takarda ba, ya tashi ya nufi ɗakin gwaji. Zukatan kwaɗi biyu ya yi amfani da su: ya motsa jijiyar da ke rage bugun ta farko, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma bugunta ya ragu. Da haka ya nuna cewa jijiya tana isar da saƙo ta hanyar sinadari, ya buga sakamakon a 1921, ya samu kyautar Nobel a 1936. Ni ba Nobel nake nema ba, amma ran nan ban wanke hannun hagu ba sai da na dawo gida na kwafe.

Wannan karon ban kai wa yara ba. Maciji ya sare ni sau ɗaya. Dare uku na yi ina ƙoƙarin karya abin da kaina. Na gwada shi da mainos uku a jere: juyi uku, baya ake kallo, amsa mainos, daidai. Na gwada da rabawa, ya tsaya. Na koma kan matakalar nan ta littafi da hujjar 3 + (−3), na ga duk hanya ɗaya suke bi, yanzu ne kawai aka kwance mini ƙyallen. Har misalin bashin da ya gagari Stendhal ya warware: ba a ninka bashi da bashi, lamba ɗaya ce bashin, ɗayar tana faɗin sau nawa, kuma mainos ɗinta yana juya aikin daga ɗorawa zuwa saukewa. A sauke maka bashin biyar-biyar har uku, ka ƙaru da sha biyar. Sai da na ga duk sun haɗu a wuri ɗaya na yarda.

Tun daga lokacin nake yawan tunanin abin da ya faru a bakin ƙofar nan, don sakan biyu ne ko uku, amma sun fi mako bakwai ɗin nauyi a raina. Sauƙin da ke cikin labarin shi ne a ce makulli ne ya koya mini lissafi. Sau dubu nawa na manta abu na juya a rayuwata ban ga komai ba? Ibn Sina ya ba da labarin kansa yana saurayi a Buhara: ya karanta littafin Aristotil kan abin da ke bayan ɗabi’a har sau arba’in, ya haddace shi, bai gane inda ya dosa ba, ya fid da rai. Wata rana a kasuwar littattafai dillali ya matsa masa ya sayi wani ɗan littafi dirhami uku, ya ƙi, dillalin ya nace don mai shi yana cikin buƙata. Ashe na Alfarabi ne, yana bayanin manufar wancan littafin. Ya koma gida ya karanta, nan take komai ya buɗe, kuma shi da kansa ya faɗi dalili: saboda littafin yana kansa a haddace. Wani da bai yi karatun arba’in ɗin ba, ko kyauta aka ba shi ɗan littafin babu abin da zai gani. Maganar maiɗakina gaskiya ce, zafin nema ba ya kawo samu. Amma masu iya magana da suka faɗi haka su ne kuma suka ce mai nema yana tare da samu, kuma a ganina jere suke, ɗaya kafin ɗaya. Sai an yi neman har kai ya ɗau zafi, sannan sakin yake da amfani.

Poincaré ma haka ya ba da nasa. Ya yi kwana goma sha biyar yana zama a tebur kan wata mas’ala, ya ci gaba da aiki a kanta, sannan ya bar garin Caen ya bi wata tawagar nazarin duwatsu, tafiya ta mantar da shi lissafi. A garin Coutances, yana ɗora ƙafa kan matakin keken doki na haya, amsar ta zo masa. Bai ko katse hirar da yake yi ba, sai da ya koma gida ya zauna ya tabbatar. Daga irin waɗannan labarai ne Graham Wallas, wani malami a Landan, ya tsara matakai huɗu a 1926: shiri, kwanci, haskakawa, tabbatarwa. Kwancin nan irin na kaza ne a kan ƙwai, daga waje ba ka ganin ana komai. Masu bincike a jami’ar Lübeck ta Jamus sun gwada wani ɓangarensa a 2004. Sun ba mutane aikin lambobi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, wasu suka yi barcin awa takwas kafin su dawo kansa, wasu suka zauna a farke. Waɗanda suka gano hanyar cikin masu barci sun ninka na ɗaya ɓangaren fiye da sau biyu. Ni da nake ƙwace wa kaina barci ina ganin ƙoƙari nake yi.

Akwai kuma abin da ban lura da shi ba sai bayan wata guda. A cikin kwana goman da na rufe kundi, tagar ɗakin malamai inda nake duba takardu tana kallon fili, kuma kullum da yamma ’yan sikawut suna fareti a wurin. Ana daka musu tsawa su juya baya, su sake juyawa. Na gan su ya fi sau ɗari ban sa a kai ba. Norman Maier, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nuna irin wannan a 1931. Ya rataye igiya biyu daga rufi, nesa da juna yadda idan ka riƙe ɗaya ba za ka kamo ɗayar ba, ya ce a ɗaure su. Dabarar ita ce a ɗaura wa ɗaya abu mai nauyi a lila ta. Idan mutum ya cije, sai Maier ya wuce ya goge igiyar da jikinsa kamar bai sani ba, ta ɗan yi lilo. Da yawa sukan gano amsar cikin ƙasa da minti ɗaya, amma da aka tambaye su yadda aka yi, akasarinsu ba su ambaci lilon ba, cewa suke kawai faɗo musu ta yi. Ban isa in rantse faretin ne ya shuka mini juyin ba. Ban isa in rantse ba shi ba ne.

Ranar da na kai wa aji, na sa aka matsar da bencina gefe, na ja dogon layi da alli a ƙasa daga bangon baya zuwa ƙofa, sifili a tsakiya. Kafin komai na ce musu, “Ran nan ’yar’uwarku ta yi mini tambaya na ce ƙa’ida ce. Gaskiyar magana ban san amsar ba.” Ajin ya yi tsit, ban taɓa jin irin shirun ba. Na tsayar da yaro a kan sifili yana kallon ƙofa, sauran suna ba shi umarni. Mainos, ya juya. Mainos, ya sake juyawa. Taku biyar-biyar sau uku, ya ƙare a bakin ƙofa kan 15. Muka yi na tarawa, ya ƙare a −8 kusa da bango. Na saci kallon yarinyar. Ba ta yi tsalle ba, ba ta tafa ba. Leɓenta ne kawai ya motsa tana bin takun, sannan ta ce a hankali, “Au.” Wannan au ɗin ya biya ni.

Ina shirin rufe darasi sai wani yaro daga bencin ƙarshe, wanda tun farkon shekara ban ji muryarsa ba sai wajen kiran suna, kuma makinsa bai taɓa kai rabi ba, ya ce, “Malam, idan ya yi rabin juyi ya tsaya yana kallon taga fa? Wace lamba ce ke sa haka?”

Yara suka fashe da dariya. Ni kuwa sai da na dafa tebur. Rabin juyi sau biyu juyi ɗaya ne, wato −1. Lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da −1. Ita ce i, wadda a jami’a aka ce mana lambar zato ce, babu ita a zahiri, na haddace ƙa’idojinta na ci jarrabawa ban taɓa sanin inda take zaune ba. Ashe tana nan a gefen layi, wajen taga. Walƙiya ta biyu ke nan, kuma daga bakin yaron da na riga na yanke wa hukunci ta fito. Na ce masa, “Abin da ka tambaya yanzu, sai a jami’a ake koyar da shi, kuma ni sai yau na gane shi.” Bai yarda ba, ya zaci zolaya ce.

Da na bincika na tarar an riga mu da shekara ɗari biyu. Caspar Wessel, wani ma’aunin filaye ɗan Norwe, ya gabatar da wannan hoto na juyi a 1797, aka buga a 1799, ya kwanta kusan ƙarni guda babu wanda ya kula. Wani mai suna Argand ya sake gano shi a Faris a 1806. William Rowan Hamilton, masanin lissafi ɗan ƙasar Ireland, kuma ya shafe shekaru yana neman yadda za a kai wannan juyi daga shimfiɗaɗɗen allo zuwa sarari mai tsawo da faɗi da zurfi, har ’ya’yansa sukan tambaye shi da safe ko ya iya ninka lambobinsa uku-uku, ya ce a’a, tarawa da ɗebewa kawai ya iya. Ranar 16 ga Oktoba 1843 yana tafiya da matarsa a gefen wata mashigar ruwa a Dublin ya gane lamba huɗu ake buƙata ba uku ba, ya ciro wuƙa ya karce ƙa’idar a jikin dutsen gada. Shi ma tsoron kada ta gudu ne, ina jin. Da lissafinsa ake juya hotuna a wasannin kwamfuta da saita fuskar kumbo a sama yau. Sanin an riga ni bai rage mini komai ba. Abin da na gani a bakin ƙofa nawa ne, da ƙafata na juya.

Ban miƙa takardar ba. Ƙarshen zango ya zo ya wuce, masu ofis suka kira sau biyu suka haƙura, maiɗakina ta yi kwana uku tana amsa mini magana da kalma ɗaya-ɗaya, kuma ban ga laifinta ba, don albashin nan da ya yi mana rana. Koyarwar ma ba ta zama aljanna ba. Darasin da nake gamawa a minti ashirin yanzu yana cin kwana biyu, na koma bayan manhaja da mako biyu har shugaban makaranta ya kira ni ofis. Wasu yaran har yau waƙar fulos sau fulos suka fi so, kuma suna cin jarrabawa da ita lafiya lau. Abin da ya canza shi ne na ɗauki manhajar da na ce na gama da ita, na bi ta layi-layi ina sa alama a duk inda na san ƙa’ida ban san dalili ba. Na ƙirga wuri ashirin da uku. Kowanne na ba shi shafinsa a kundi, in yi ta fama da shi har ya ishe ni, in rufe in tafi harkata, biro yana aljihu. Tara sun buɗe zuwa yanzu. Biyu ne kawai suka zo da walƙiya irin ta bakin ƙofa, sauran a hankali suka waye kamar asuba, ban iya nuna lokacin ba. Ɗaya kuma ya zo da walƙiya mai ƙarfi, kwana biyu bayan nan na gano ƙarya ce.

Na ashirin da huɗu ita ta kawo shi, tana aji uku yanzu. Mun zo inda ake cewa 0.999… idan taran ba su ƙare ba daidai yake da 1. Na nuna musu hujjar: kashi ɗaya bisa uku shi ne 0.333…, a ninka kowane ɓangare da uku, a samu 1 a nan, 0.999… a can. Ta bi layukan da ido sau biyu, ta ce, “Na yarda da lissafin, Malam, amma ban gani ba.” Na ce mata ni ma haka. Wata biyar ke nan shafin yana buɗe.